Kada bedakwilin ya bi sawun nibakin a Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya tashi a Tasawa ko Mayahi ya san ɗacin nibakin. Shekara da shekaru shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro: a saya a bakin kasuwa, a sha ƙwaya biyu, jiki ya yi sanyi, a ajiye saura. Ana haka cutar ta saba da shi, ya daina aiki, hukumomin lafiya suka jingine shi.

Nibakin da kinin da amodiyakwin ɗin da ake raba wa yara da damina 'yan gida ɗaya ne, masana na kiran tushensu kwinolin. Daga gidan nan bedakwilin ya fito. Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2012, bayan kimanin shekara 40 ba a samu sabon nau'in maganin tarin fuka ba. Aikinsa toshe hanyar da ƙwayar tarin ke samar wa kanta ƙarfi.

A da, mai tarin da ya ƙi jin magani sai ya sha allura wata da watanni, wasu su warke amma su kurmance. Nijar ta yi abin yabo, don tun 2008 ta fara gajeren tsarin jinya tare da ƙungiyar Action Damien. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin wata shida, ƙwayoyi zalla, bedakwilin ne ginshiƙinsa. A 2023 Indiya ta ƙi tsawaita wa kamfanin Johnson & Johnson haƙƙin mallakarsa, farashin ya faɗi har zuwa dala 130 na wata shida.

Sai dai halin da ya kashe nibakin yana nan. Mai tari ya ji sauƙi a wata na biyu, ya tafi ci-rani Kano ko haƙar zinariya a Jado, magani ya yanke. Wani kuma sifuro yake saya wajen mai tire, alhali ɗan'uwan moksifuloksasin ne da ake haɗawa da bedakwilin. Yana lafar da tarin, yana koya wa ƙwayar juriya. An riga an ga tarin da ya bijire wa bedakwilin a Afirka ta Kudu da Mozambik.

Ta fannin ciwon daji ma akwai ɗan gidan, lenbatinib, da ake ba masu kansar hanta. Amma kuɗinsa ba na manomin gero ba ne, cibiyar gashin kansa da ta fara aiki a 2021 kuma tana Yamai, fiye da kilomita 700 daga Tasawa.

Tarin fuka shi ne wanda hannu ke kaiwa, tunda maganinsa kyauta ne. Abin da ke yanke jinya sau da yawa kuɗin mota ne da na abinci. 'Yan ci-ranin da ke aiko da kuɗi gida za su iya toshe wannan giɓin: in tari ya wuce mako biyu, a kai majina awo, in an fara magani, a riƙa biyan kuɗin kabu-kabu zuwa likita har wata shida ya cika.