Gasar Fatu a Kanada: Wa Ya Ci Ribarta?

Har yau akwai masu cewa hamayyar kamfanin Hudson's Bay da na North West ta amfani 'yan asalin Kanada, wai don farashin fatu ya tashi. Ina ja da wannan magana. Da barasa aka yi gasar nan. Kowane kamfani ya riƙa ɗirka wa mafarauta giya don ya riga kishiyarsa sayen fatar biba, dabbar ruwan da Turawa ke yin hula da gashinta, har ta yi ƙaranci a yankuna da dama. A 1816 jini ya kwarara a Seven Oaks, inda Gwamna Robert Semple da mutanensa 20 suka halaka. A 1821 kamfanonin suka haɗe, aka rufe sansanoni, aka sallami ma'aikata, mafarauci ya wayi gari da mai saye ɗaya tak.