Kafin a sake niƙa dutsen Anka, a fara auna abin da ke cikinsa

A watan Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta ƙaƙaba wa jihar Zamfara tun Afrilun 2019. An yi ta maganar tsaro da kuɗin shiga. Ban ji an tsaya kan dutsen kansa ba, alhali shi ya kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010.

Zinaren yankin nan ruwan zafi ne ya kawo shi. Miliyoyin shekaru da suka wuce, ruwa mai tsananin zafi ya riƙa tasowa ta tsagogin duwatsu ɗauke da narkakkun ma'adinai. Da ya huce sai ya sauke kayansa, ya bar jijiyoyin farin dutse da mahaƙa ke bi a yau. A wasu ƙasashe, kamar Indonesiya da Japan, hakan ya faru ne kusa da doron ƙasa, a gefen duwatsu masu aman wuta. Na Anka ya samu ne a can ƙasa sosai. Amma ko'ina ne, ruwan ba ya tafe da zinare shi kaɗai. A nan ya zo da dalma, cikin wani dutse mai nauyi da ƙyalli, irin wanda ake daka kwalli da shi.

Mahaƙin da ya kai buhun dutse gida bai san da wannan ba. Aka fasa, aka niƙa da injin da aka saba niƙa hatsi, aka shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A Yargalma da Dareta da Abare yara suka kama jijjiga, aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har sai da likitocin MSF suka sa aka gwada jini. A wasu gidaje an samu dalma fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasar da aka auna. Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa, saboda jinkirin sakin kuɗi daga Abuja.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, gane wannan guba ba wuya. Masu aikin tsabtace ƙauyukan sun yi amfani da wata na'urar hannu da ke haska ƙasa da hasken eksire, cikin minti ɗaya ko biyu ta faɗi yawan dalmar. A Zariya ma, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello na da ƙaramin injin nukiliya tun 2004, inda ake harba wa samfurin dutse ƙwayoyin niyutron a gano yawan zinare da asenik da ke ciki. Kayan aiki da masana duk akwai su a Arewa.

Wasu za su ce ana fama da 'yan bindiga, wa ke ta awon dutse? Gaskiya ne jami'i ba zai iya shiga kowane rami ba. Sai dai dutsen ba ya kwana a daji, wurin niƙa ake kai shi, kuma wuraren niƙa kowa ya san su. A nan ya kamata a ajiye na'urar, a tilasta niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi, a tanadi wurin wanka da sauya kaya kafin ma'aikaci ya koma gida ya ɗauki ɗansa.

Hani kaɗai bai taɓa raba talaka da rami ba, shekara biyar ɗin nan ta nuna haka. Kuma MSF ta miƙa shirinta na maganin gubar dalma ga gwamnatin jiha tun 2022. Don haka 'yan majalisar da ke wakiltar Anka da Gummi da Bukkuyum su tambayi ma'aikatar lafiya a fili: yara nawa aka gwada jininsu bana, kuma a wane asibiti ake ajiye maganin?