SOJA MA ƊAN WANI NE

A daren 6 ga Yuni 1944 jiragen sama suka zubar da sojojin laima na Amurka kimanin 13,000 a Normandi, ƙasar Faransa, don su tare wa sojojin Hitila hanya. Da yawa ba su koma gida ba. Amma je ka makabartarsu da ke bakin teku a can, mai kabari fiye da 9,000, ka gani. Duk wanda aka gane gawarsa, an rubuta a dutsensa sunansa, da muƙaminsa, da rundunarsa, da jiharsu, da ranar da ya faɗi. Har gobe jikoki suna bin wannan rubutu suna tono labarin kakansu tun daga haihuwa har mutuwa.

To, jama'a, mu ma muna da namu mazajen. A wannan shekara ta 1944 ɗin aka ɗebi bataliya uku na sojan Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka sa su cikin rundunar Janar Wingate da ake kira Chindit. Jiragen sama suka sauke su can bayan sansanin Japan a dajin Bama. Suka datse hanyar jirgin ƙasa a kusa da Mawlu, wadda Japan ke bi su kai wa mutanensu abinci da harsashi. Nasu abincin kuwa da laima ake jefo musu shi daga sama. Ga ruwa, ga zazzaɓi, ga abokan gaba. 'Yan'uwansu na runduna ta 81 da ta 82 su suka ci garin Myohaung a Janairun 1945, har aka sa wa wani bariki a Ikko sunan garin.

Su wane ne waɗannan mutane? 'Ya'yan manoma ne da mahauta da 'yan koli. Turawa suka ce wa En'e a kawo maza, hakimai da dagatai suka zaga ƙauyuka suka kawo, har daga Lardin Sakkwato. Albashinsu bai kai na farabiti Bature ba, ko da yake harsashi bai san fari da baƙi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Waɗanda suka faɗi, sunayen da yawa daga cikinsu suna a makabartar Taukkyan kusa da Rangun, inda aka rubuta suna kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Wace uwa ce daga Isa ta taɓa zuwa Rangun? Na yaƙin Jamus na farko kuwa abin ya fi muni. A 2021 Gwamnatin Ingila da bakinta ta nemi gafara, bayan bincike ya nuna aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu ba ko kaɗan.

Wani zai ce ai wannan aikin Turawa ne, ya wuce. Haba! Yaƙi ya zo mana har ƙofar ɗaki. A Satumban 2021 'yan bindiga suka auka wa sansanin Burkusuma a ƙasar Sabon Birni, suka kashe sojoji da 'yan sanda. A Agustan 2024 suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, bayan sun sace shi. Sarki kowa ya san sunansa, Allah ya jiƙansa. Amma a kasuwar Gatawa wa zai iya kawo mana sunan soja ɗaya daga cikin na Burkusuma? Ga mutum ya bar mata da 'ya'ya, ya zo ya mutu don ka kai buhun geronka kasuwa, sai a ce “an rasa mutum kaza”, kamar ana ƙidayar awaki.

Kada a ce mana ba ya yiwuwa. A Maris 2024 aka kashe soja 17 a Okuama ta Jihar Delta. Aka buga sunayensu da hotunansu, aka binne su a Abuja gaban Shugaban Ƙasa, aka yi wa iyalansu alkawarin gidaje da karatun yara. Madalla. To, jinin da ya zuba a Gobir ruwa ne?

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, Gwamnati ta rubuta sunan kowane soja da ɗan sanda da ɗan sa-kai da ya faɗi a Sabon Birni da Isa, da sunan garinsu, a karanta a rediyo da Hausa ran 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Na biyu, a kafa allo mai waɗannan sunaye a bakin kasuwa. Na uku, a biya matan da aka bari haƙƙinsu a garuruwansu, ba sai sun sayar da tunkiya sun yi kuɗin mota ba.

Mu kuma kada mu zauna jira. Kowane reshe ya sami littafi, ya bi tsofaffin unguwa, ya rubuta wanda ya tafi Bama bai komo ba, da wanda ya faɗi bara. Tsofaffin suna ƙarewa, labarin yana bin su kushewa.

Allah ya jiƙan mazan jiya da na yau, amin.