Da Wane Mudu Za A Auna Aikin Lafiya A Jihohinmu?

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun sani ba a yabon gona saboda faɗinta. Idan kaka ta yi, abu biyu akan tambaya: me aka zuba, me kuma aka kwashe? Wanda ya zuba buhu huɗu na taki ya sami dami ashirin bai kai wanda ya zuba buhu biyu ya sami ashirin ɗin ba. A ganinmu, tambayar nan ce ya kamata a riƙa yi wa aikin lafiya a kowace jiha ta ƙasar nan.

A shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera ƙasashe 191 bisa ga kyawun aikin lafiyarsu, Nijeriya ta zo ta 187. Amma lissafin ƙasa ɗungum yakan ɓoye abu da yawa. Binciken lafiyar iyali na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 sukan rasu kafin su cika shekara biyar. Da aka rarraba lissafin jiha jiha, sai aka ga 30 ne a Ogun, a Kebbi kuwa 252. Ƙasa ɗaya ke nan, tsarin lafiya ɗaya.

To, da me aka saba aunawa? Galibi da gine-gine da kuɗi. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. Dokar lafiya ta 2014 kuma ta ce a keɓe aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya na matakin farko. Waɗannan suna da kyau, amma ƙidayar taki ce, ba a zo ga amfanin gona ba tukuna. Ɗakin shan magani mai sabon fenti wanda ba ungozoma, ba magani, a takarda ɗaya yake da mai aiki dare da rana.

Sa'an nan kuma, auna sakamako kaɗai ba adalci ba ne. Ba mai hankalin da zai gwada gonar fadama da ta jigawa, ya ce mai jigawa rago ne. Mutuwar yara ba a hannun asibiti kaɗai take ba. Akwai ruwan sha, da karatun uwaye mata, da hanya, da zaman lafiya. Saboda haka mudun gaskiya sai ya haɗa abu uku: inda jiha ta tashi, abin da ta kashe, da yawan gaban da ta ci. Jihar da ta rage mutuwar yara ƙwarai da ɗan abin hannunta ta fi wadda ta kashe mai yawa ta tsaya wuri ɗaya.

An taɓa gwada irin wannan. A 2015 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 domin shirin Ceton Rayuka Miliyan Ɗaya. An riƙa biyan kowace jiha gwargwadon ci gaban da ta yi a kan abubuwa kamar allurar rigakafi, haihuwa a hannun ƙwararru, da kwanan yara cikin gidan sauro. Abin da ya fi gamsar da mu shi ne, gida gida aka riƙa bi ana tambaya, ba rahoton ofis aka dogara da shi ba.

Duk da haka sai a yi hattara. In kuɗi na bin lissafi, wani zai so ƙara wa lissafin gishiri. Ma'aikata kuma za su fi son garuruwan bakin titi, inda ake cika lissafi da sauri, a bar ƙauyen da rafi kan yanke da damina. Domin wannan muna roƙo kada awon ya tsaya a jiha. A saukar da shi zuwa ƙananan hukumomi 774, har zuwa gunduma, a kuma karanta wa jama'a sakamakon da harshen da suke ji.

Mu ma muna da namu aiki, gama abin ya shafi rumbunmu. Zazzaɓin cizon sauro yakan yi ƙarfi daidai lokacin noma. Yaro ɗaya ya kwanta, uwa ta bar gona, uba ya sayar da hatsin ci. Kowace ƙungiyar gama-kai tana da magatakarda mai riƙe da lissafin taki da bashi. Bari ya buɗe littafi na biyu. A rubuta kwana nawa aka buɗe ɗakin shan magani a wata, sau nawa aka ce magani ya ƙare, nawa aka biya, mata nawa suka haihu a can, yara nawa suka cika katin rigakafi. Bayan wata uku uku a kai littafin gaban kwamitin raya gunduma, cikin ladabi, har a yaba wa ma'aikacin da ya yi ƙoƙari.

A taronku mai zuwa, ku sa maganar littafin nan cikin abubuwan da za a tattauna.