Girman taya da rairayin Daura: abin da direbobin hamadar Ostireliya suka gano

A yammacin ƙasar Ostireliya akwai wani tsohon burtali da ake kira Canning Stock Route. Tsawonsa ya kai kilomita 1,850, daga Halls Creek a arewa zuwa Wiluna a kudu. Wani mai safiyo, Alfred Canning, shi ya shata shi a 1906, aka bi shi da haƙa rijiyoyi tsakanin 1908 da 1910 domin makiyaya su riƙa koro shanu zuwa garuruwan haƙar zinariya. Garke na ƙarshe ya bi ta nan a 1959. Yanzu motoci masu ja da ƙafa huɗu ne ke bin sa, tafiyar mako biyu zuwa uku a cikin ɗaruruwan tuddan yashi, babu mai faci a gefen hanya, babu garejin da za a ja mota a kai. A irin wannan wuri, taya ba abin ado ba ce, rai ne ke rataye a kanta.

Wanda ya san ƙasar Daura zai ga dalilin da ya sa na ɗauko zancen daga can. Mu ma ƙasarmu jigawa ce. Da zarar ka sauka daga kwaltar da ta tafi Zango da Baure, ko wadda ta bi ta Mai'adua zuwa Kwangwalam, rairayi ne zai tarbe ka, ga ƙayar bagaruwa da aduwa, ga kututturen sabara da aka sare a bakin gona. Da bazara zafi kan wuce digiri 40, da damina kuma fadama ta jiƙe, ruwa ya yanke hanya. Ko motar ma iri ɗaya muke ja: Toyota Hilux ce motar da aka fi saye a Ostireliya daga 2016 zuwa 2022, ita ce kuma ke kai 'yan kasuwa, manyan manoma, 'yan kwangila da ma'aikatan rigakafi ƙauyukan Sandamu da Baure. Ƙasa iri ɗaya, mota iri ɗaya, ashe kuwa akwai abin da za mu ɗauka daga gare su.

A 'yan shekarun nan sha'awar ɗaga akori-kura da sanya mata ƙatuwar taya mai manyan haƙora ta shigo mana, galibi daga hotunan Amurka da Dubai da ake gani a waya. Ban ga laifin mutum ya so motarsa ta yi kwarjini ba, kuma wanda ya taɓa kafewa a rairayi da lodin gero a tsakar rana yana da hujjar neman mafita. Abin da ya ja hankalina shi ne direbobin dajin Ostireliya ba daga girman taya suke fara lissafi ba. Daga iska suke farawa.

Idan suka iso bakin yashi sai su tsaya, su ɗauko gejin iska, su sace tayoyin daga kusan 35 da ake tafiya da ita a kwalta zuwa tsakanin 16 da 20, gwargwadon nauyin kaya da laushin yashin. Tayar da aka rage wa iska takan kwanta, sawunta ya ƙara tsawo, nauyin motar ya bazu a wuri mai faɗi, sai ta bi saman rairayi maimakon ta tona shi. Hikimar da Allah Ya yi a tafin raƙumi ke nan, mai bajewa idan ya taka. Daga nan su rage gudu, su guji karya sitiyari da ƙarfi don kada tayar ta zare daga wili. Idan suka koma kan hanya mai tauri kuma, ba sa ƙara taku ɗaya sai sun jona ɗan famfon iska mai aiki da batirin mota sun mayar da iskar yadda take, domin taya maras iska idan aka yi gudu da ita zafi take ɗauka har ta fashe. Dabarar ma tsohuwa ce. Wani hafsan sojan Ingila, Ralph Bagnold, ya yi aiki da ita tun wajen 1930 lokacin da yake ratsa tekun yashin da ke tsakanin Masar da Libiya da ƙananan motocin Ford, kuma direbobin Agadas masu bin hanyar Dirku sun san ta ciki da bai.

To mu fa? Mai faci kan tambayi direba iska nawa zai sa, direba ya ce a cika ta sosai saboda lodi, a buga 50 ko fiye, a tafi da ita haka a kwalta, a shiga rairayi da ita haka. Idan motar ta kafe sai a ce taya ce ta yi ƙanƙanta. Sau da yawa tayar ba ta da laifi. Gejin iska da ƙaramin famfo ba su kai kuɗin taya guda ba, amma a rairayin Baure sun fi tayoyi huɗu sababbi amfani.

Wannan ba ya nufin ƙarin girma ba shi da rana. Yana da ita, sai dai a san iyakarta, kuma a nan ne lissafi ya kamata ya shigo. Hilux da yawa na zuwa da taya mai lamba 265/65R17. Faɗinta milimita 265, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wilinta inci 17. Idan aka haɗa, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 776 ne. Wadda masu ɗaga mota suka fi so, 285/70R17, tana kaiwa kusan 831. Bambancin milimita 55 ke nan, amma rabinsa kawai ke ɗaga cikin motar daga ƙasa, wato ƙasa da santimita 3. Shi kuwa ɗaga sifirin da shokozoba, bodi yake ɗagawa, ƙullutun nan na tsakiyar aksil ɗin baya, wanda shi ke fara dukan tudun da ke tsakanin sawun taya biyu, yana nan inda yake sai tayar ta ɗaga shi.

Ga kuma abin da za a biya a kan santimita ukun nan. Tayar ta fi ta asali zagaye da kashi 7 cikin ɗari, don haka idan maleji ya nuna 100, motar tana gudun kusan 107 ne, direba bai sani ba. Injin zai ji kamar an tashe shi da giya ta sama, kuloci ya wahala wajen tashi da lodi, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar da motar, boris da sandunan sitiyari su riƙa ci da wuri. Mai ma ƙaruwa shansa yake yi, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu mai mota a Daura da ke buƙatar a yi masa bayanin abin da wannan ke nufi. Sau da yawa tayar kan gogi bodi idan an karya kan mota har ƙarshe, a koma ana yanke roba da ƙarfe. Mafi tsanani a ganina shi ne rinjaye. Motar da aka ɗaga nauyinta ya koma sama. A ɗora mata buhunan gero, mutane su hau kan buhunan ranar Lahadi ana dawowa daga kasuwar Mai'adua, sai akuya ta gifta, direba ya kauce da sauri. Motar da take a tsayinta na asali tana iya jurewa, wadda aka ɗaga ta fi kusa da kifewa.

Mutanen Ostireliya ba su bar wannan ga ra'ayin kowa ba. Suna da ƙa'idar gyaran ƙananan motoci da ake kira VSB 14. Jihohinsu sun ɗan sha bamban wajen aiki da ita, amma abin da aka fi yi shi ne motar daji tana iya ƙara tsayin taya har milimita 50, ta ɗaga sifirin da milimita 50, jimillar tashin motar kada ya wuce 75. Wanda yake son fiye da haka ba a hana shi ba, sai dai ya kai motar wurin injiniyan da hukuma ta yarda da shi, a gwada birki da yadda take kaucewa, a ba shi takarda. In ba haka ba 'yan sanda su tsayar da motar, kamfanin inshora ma ya iya ƙin biya idan an yi haɗari. Mai karatu ya lura, tayar nan 285/70R17 da muka lissafa ta ɗan haura wannan iyaka a kan Hilux. Wadda ke ƙasa da ita, 265/70R17, mai tsayin kusan milimita 803, tana ciki sarai, kuma malejinta bai kauce da fiye da kashi 3 da ɗan ɗoriya ba.

Akwai inda ake sa taya mai girman gaske kuma ta yi aiki. A tsibirin Aisland, kamfanin Arctic Trucks kan sa wa Hilux taya mai inci 38 har 44 don tafiya a kan dusar ƙanƙara. Amma su motar suke sake ƙerawa: su yanke bodi, su canza giyar aksil, su gyara maleji, hukuma ta duba. Sayen tayar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Wani abin da ya burge ni ga manoman dajin Ostireliya shi ne da yawansu sun daɗe suna riƙe da siririyar taya mai tsayi, 7.50R16, a kan Land Cruiser. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Amma gefenta a miƙe yake, bai fito waje ya tari kututture ba, kuma ana samun irinta a ƙaramin gari mai nisa. Tambayar da suke yi kafin saye ita ce, idan ta fashe a inda ba kowa, a ina zan sami 'yar'uwarta? Mu ma tambayarmu ke nan. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Ikeja a 2008, kasuwarmu ta dogara ga tayoyin waje. Lambar da kowa ke amfani da ita za a same ta a Daura ko Katsina. Baƙuwar lamba kuwa, idan ta yage a garin Babban Mutum, sai an aika Kano, motar na zaune. Kuma ba a haɗa taya mai girma da ƙarama a motar da ke ja da ƙafa huɗu, don haka safayar ma dole ta zama irinsu, ta kuma shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi.

Game da haƙoran taya, tasu gogewar ta nuna mai alamar AT, wadda aka yi don kwalta da daji duka, ta fi dacewa da yashi a kan MT mai manyan haƙora ta laka. MT tona rairayi take yi, ga ƙara a kwalta, ga saurin cinyewa. Daminarmu wata uku ce zuwa huɗu, kuma mafi yawan tafiyar mai Hilux a nan a kan titin Kano ta Kazaure ne ko na Katsina ta Mashi. Wanda gonarsa ke cikin fadama kusa da dam ɗin Sabke yana da uzurinsa, sauranmu AT ta ishe mu. Abin da ya fi haƙora muhimmanci ga mai ɗaukar kaya shi ne ƙarfin jikin tayar. Mai haruffan LT jikinta ya fi kauri, ta fi jure ƙaya. Lambar nauyi ma tana rubuce a gefe: 112 na nufin kilo 1,120 a kan taya guda, 121 kuma kilo 1,450. Babbar taya mai ƙaramar lambar nauyi koma baya ce ga mai lodi.

Saboda manyan tayoyi sababbi suna da tsada, da yawa kan koma ga na gwanjo, kuma araha ba ta ado. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Wasu na gwanjon ma don sanyin Turai aka yi su, suna ɗauke da hoton dutse da dusar ƙanƙara, robarsu ba ta jure kwaltar watan Afrilu. Ba mu manta da rasuwar Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris 2016 ba, inda binciken hukumar ya ambaci fashewar tayar baya da gudu.

Abin da ya sa ilimin direbobin Ostireliya ya zauna shi ne sun auna, sun rubuta, ƙungiyoyinsu na masu motocin daji suna koyar da sababbin shiga. Daura ba ta rasa masu yin wannan ba. Muna da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, muna da tsofaffin direbobi a tasha da suka san kowace jigawa daga nan zuwa Magarya da Matamaye. Ɗalibai 'yan kaɗan da Hilux guda, da geji, da buhunan yashi a matsayin lodi, za su iya gwada iska daban-daban a rairayinmu da rani da damina, su fitar da takarda guda da Hausa, a liƙa ta a rumfar kowane mai faci da ofishin ƙungiyar direbobi. Ina roƙon malaman waɗannan makarantu biyu su ba ɗalibansu wannan aiki.

Kai kuma ɗan'uwa mai shirin zuwa kasuwar taya, idan ta asali ta gaza maka, ka hau mataki ɗaya kawai, ka zaɓi AT mai jikin LT wadda lambar nauyinta ba ta gaza ta asali ba, ka duba shekararta da idonka, ka sayi biyar har da safaya. Ka sa geji da famfo a cikin kuɗin tun kafin ka fara ciniki.