"Lokaci-Lokaci": Yaushe Ke Nan?

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, tun muna sakandare aka jera mana kalmomin Ingilishi masu nuna yawan aukuwar abu, daga *always* har zuwa *never*, muka haddace, muka ci jarrabawa. Amma ba a faɗa mana cewa cikinsu akwai waɗanda suka zama mafakar mai mulki ba, wato irin su *from time to time* da *periodically* da *regularly*. Duk inda muka ga ɗayansu a takardar hukuma, to, mu san an yi mana alkawarin da ba shi da rana.

Mu dubi Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999. Ya ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa aikin ƙidayar jama'a, amma da kalmar *periodical* ya tsaya, bai yanka shekaru ba. An yi ƙidaya a 1991, aka sake a 2006, aka shirya wata a 2023 aka ɗage. Wa za a kama da laifi? Ai ba wanda ya saɓa wa kalmar, domin ko shekara 30 aka yi tsakani, lokaci-lokaci ne. Amurka kuwa tsarin mulkinta ya ce duk shekara 10, kuma tun 1790 a kan haka take. Haka nan hukumar rabon arzikin ƙasa, *from time to time* aka ce ta riƙa duba tsarin rabo tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi.

Wani zai ce ai ko an sa adadi ana saɓawa. Gaskiya ne. Yarjejeniyar gwamnatin tarayya da ƙungiyar malaman jami'o'i ta 2009 ta tanadi a sake duba ta bayan shekara 3, amma sai 2017 aka kafa kwamitin yin hakan, kuma a 2022 ɗalibai suka yi wata 8 a gida saboda yajin aiki. To amma da me malaman suka kafa hujja? Da adadin nan! Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Wanda bai sa rana ba kuwa, kunyar me zai ji?

Har ma kalmomin da ke kama da masu adadi suna da tarko. *Bimonthly* na nufin sau biyu a wata, yana kuma nufin sau ɗaya a wata biyu. *Biannual* sau biyu ne a shekara, *biennial* kuwa sau ɗaya a shekara biyu. Manomin da bai taɓa shiga aji ba ya san kasuwar Wudil Juma'a take ci, ta Maigatari kuma Alhamis. Ba ya cewa kasuwa na ci "a kai a kai". Ashe ilmin namu na koyon ɓoye rana ne?

Gobe mu ne za mu rubuta takardun ofis. Saboda haka mu fara gyara daga gida. Kundin ƙungiyarmu ya faɗi sau nawa za a kira babban taro a zango, da ranar da ma'aji zai karanta lissafin kuɗi. Wanda ya zo neman ƙuri'armu ya ce zai riƙa yin abu *regularly*, mu tsayar da shi mu tambaya: sau nawa, wace rana, kuma in ranar ta wuce wa za mu tuhuma? In ya kasa amsawa, mu riƙe ƙuri'armu.