Zangunan jirgin sama a shekarun korona: wanda ya rufe da wanda ya buɗe

Akwai manyan filayen jirgin sama waɗanda babban kaso na abincinsu daga matafiyi mai wucewa yake, kamar zangon fatake: ya sauka, ya sake jirgi, ya yi gaba. Dubai ke nan, da Doha, da Singafo, da Honkon. Ƙasashensu ƙanana ne, ba su da zirga-zirgar cikin gida da za su jingina da ita. Da annobar korona ta faɗo a 2020, kowannensu ya zaɓi hanyarsa, kuma yanzu lissafi ya fito.

Dubai ta tsayar da jiragen fasinja a watan Maris na 2020, amma 7 ga Yuli ta buɗe wa baƙi ƙofa, da sharaɗin gwaji. Mutum miliyan 86 ne suka bi ta filinta a 2019, suka dawo miliyan 26 a 2020. Faɗuwa ce, ba shakka. To amma a 2022 ta kai miliyan 66, a 2023 ta mayar da abin da ta rasa duka. Doha kuwa kamfanin jirginta bai daina tashi ba ko da abin ya yi tsanani, har mutanen da ba su taɓa bi ta can ba suka saba da hanyar. Mai ciniki idan ya saba da rumfa, fitar da shi sai da dalili.

Honkon ta bi ɗaya hanyar. Duk wanda ya sauka sai a tsare shi a otal, har aka kai kwana 21. Wane ɗan kasuwa zai ba da sati uku don cinikin kwana biyu? Daga miliyan 71 a 2019, abin ya koma bai kai miliyan ɗaya da rabi ba a 2021. Kaya ne suka riƙe filin, don a wannan shekarar babu inda ya fi shi sauke kaya a duniya.

Wani zai ce ai rai ya fi kuɗi, kuma gaskiyarsa. Dubai ma ta ɗanɗana: bayan cunkoson baƙi na ƙarshen 2020 cutar ta tashi, har Ingila ta hana jiragenta sauka a Janairun 2021. Honkon kuwa har ƙarshen 2021 waɗanda suka rasu ba su wuce 200 da 'yan kai ba. Sai dai a nan maganar take. Rufe ƙofa lokaci kawai yake saya maka, saura me ka yi da lokacin. Honkon ta rufe shekara biyu, tsofaffinta da yawa ba a yi musu allurar rigakafi ba. Da sabon nau'in cutar ya shiga a farkon 2022, cikin 'yan watanni mutum fiye da 9,000 suka tafi. Ga kasuwa ta mutu, ga rayukan ba a tsirar ba.

Singafo ita ma ta rufe, ta sha wuya, miliyan 68 suka koma miliyan 3 a 2021. Amma ta yi wa jama'arta allura tukuna, kana ta buɗe a Afrilun 2022, shekarar ba ta ƙare ba sai da ta ga miliyan 32. Honkon a shekarar nan ba ta kai miliyan 6 ba. A ganina Singafo ce ta fi kowa iya lissafi, ko da yake Dubai ta fi ta samu.

Landan abin nata daban. An rage ma'aikata lokacin da babu ciniki, da matafiya suka dawo a 2022 babu hannun da zai ɗauki kaya, har babban filinta ya yanke cewa ba za a wuce mutum 100,000 masu tashi a rana ba.

Kada a manta da Adis Ababa, tun da ta nan mutanenmu da yawa ke bi zuwa Gwanzu da Dubai. Kamfanin jirgin Habasha ya ciccire kujeru daga jiragen fasinja, ya loda magani da kayan asibiti, ya yi ta dako tsakanin Sin da Afirka da Turai. Da kuɗin dakon nan ya riƙe kansa har fasinja suka dawo, a lokacin da kamfanoni da suka fi shi girma ke jiran gwamnatocinsu su biya musu bashi.